MAI JIRAN AIKIN GAƁA MAJINYACI NE TUN YAU

Akwai wani rukuni na marasa lafiya a ƙasar nan waɗanda ba a ganin su bisa gadajen asibiti, ba a kuma iya lissafa su cikin masu lafiya. Su ne waɗanda likita ya duba hoton ƙashinsu, ya shaida musu cewa gaɓar kwatangwalo ko ta gwiwa ta ƙare, babu abin da ya rage sai a yi aikin fiɗa a cire ta a sa ta ƙarfe, sa'an nan ya sallame su su koma gida su jira. Wani yana jiran kuɗi su taru, wani yana jiran ƙarfen ya iso daga waje, wani yana jiran takardarsa ta fito daga hannun masu duba waɗanda za a fitar ƙetare neman magani, wani kuwa an dai ce masa za a neme shi. Cikinsu akwai tsohuwar da ta yi shekara 40 tana daka da ɗaukar ruwa, akwai malamin lakkol da tsayuwa gaban allo ta gagare shi, akwai saurayi mai amosanin jini wanda bai cika shekara 30 ba amma yana tafiya kamar ɗan 70.

Abin da jama'a suka saba gaya musu shi ne su yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, kuma babu wanda ya fi mai ciwon gaɓa saninsa. Amma Hausawa da suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ba su ce ya ɗora tukunya ya bar murhu babu wuta ba. Watannin jira, ko shekarunsa, wani sashe ne na maganin kansa. Abin da aka yi cikinsu, ko aka bari ba a yi ba, shi ke nuna irin mutumin da zai hau gadon fiɗa da irin wanda zai sauko. Saboda haka wajibi ne a ɗauki mai jiran aiki majinyaci tun daga ranar da aka ce ya jira, a kula da shi a gida, a gidan likitan garinsu da wurin aikinsa, har ranar da za a kira shi.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN GAƁA

Inda ƙashi biyu suka haɗu, kowanne yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, wanda ke sa su gogi juna ba tare da zafi ba. Guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi, ba shi da hanyar jini, shi ya sa in ya cinye ba ya sake tofowa kamar fata. Ƙashin da ke ƙarƙashinsa kuwa yana jin zafi ƙwarai. Idan guringuntsin ya zaizaye, ƙashi ya fara gugar ƙashi, sai gaɓa ta kumbura, ta sandare da safe, ta riƙa ƙara in an lanƙwasa ta, har ta karkace. Wannan shi ne amosanin gaɓoɓi da mutane ke kira sanyi. Lokacin ɗari yakan sa a ƙara jin ciwon, amma ba ɗari ne mafarinsa ba. Mafarinsa shekaru ne, da nauyin jiki, da tsohon rauni, da aikin da ke ɗora wa gwiwa kaya kullum, da kuma gado.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, watau OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne.

A ƙasar nan akwai wasu hanyoyi biyu da ke kai matasa ga wannan hali tun tsufa bai zo ba. Ta fari ita ce amosanin jini, wanda a birane ake kira emasi ko sikila. Kan ƙashin cinya, wanda ke juyawa cikin gurbinsa na kwatangwalo, ƴan ƙananan hanyoyin jini ne ke ciyar da shi. Idan ƙwayoyin jini masu siffar lauje suka toshe su, sai ƙashin ya mutu daga ciki, ya lotse kamar ƙwaryar da aka taka. Ciwon yakan fara a matsematsi, wani lokaci ya gangara har gwiwa, har a yi ta maganin gwiwa alhali matsalar tana sama. Hanya ta biyu ita ce haɗarin mota da na kabu-kabu. Karayar da ta shiga cikin gaɓa, ko ta wuyan ƙashin cinya, in ba ta ɗoru daidai ba, takan cinye gaɓar cikin ƴan shekaru.

Ya kamata a sani cewa yawancin masu ciwon gwiwa ba za su taɓa bukatar fiɗa ba. Motsa jiki, rage nauyi da magani bisa ƙa'ida suna isar su. Ana maganar sa ƙarfe ne kawai idan ciwon ya hana barci, ya hana tafiya da sana'a, kuma an gwada sauran hanyoyi sun kasa.

ABIN DA AIKIN KE IYAWA

Aikin sauya gaɓar kwatangwalo irin na zamani wani likitan Ingila ne, John Charnley, ya daidaita shi a asibitin Wrightington cikin watan Nuwamba na 1962. Ya yanke kan ƙashin da ya lalace, ya kafa ƙarfe mai dunƙulallen kai cikin ƙashin cinya, ya sa gurbi na roba mai tauri cikin kwatangwalo, ya manne su da wani irin siminti na likita. Na gwiwa ya biyo baya cikin shekarun 1970. Har yau bisa wannan tushe ake aiki. Wani babban bincike da masanan jami'ar Bristol suka buga a mujallar Lancet a 2019 ya nuna cewa kusan 58 cikin 100 na gaɓoɓin kwatangwalo da aka sa suna kaiwa shekara 25 ba a sake su ba, na gwiwa kuwa kusan 82 cikin 100.

Wannan aiki yana cikin ayyukan fiɗa da suka fi kawo sauƙi. Majinyata da yawa sukan miƙe tsaye da abin dogarawa a ranar aikin ko kashegari. Duk da haka ba sihiri ba ne. Kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda aka sauya wa gwiwa sukan ci gaba da jin wani ciwo bayan aikin. Kuma likita gaɓa kaɗai yake sauyawa. Tsokar da za ta ɗaga ƙafa, zuciyar da za ta jure maganin barci, ƙodar da za ta tace magunguna, fatar da za ta warke bayan ɗinki, duka na majinyaci ne, shi zai zo da su daga gida. A nan ne lokacin jira ke da hukunci.

JIRA YANA CIN MUTUM

Ba ƙasashe matalauta kaɗai ke da dogon layi ba. A Ingila ƙa'idar gwamnati ita ce a fara yi wa mutum magani cikin mako 18, amma a watan Satumba na 2023 jerin masu jiran magani iri-iri a asibitocin ƙasar ya haura miliyan 7 da rabi. Da yake su suna rubuta sunayen masu jira, sun iya auna abin da jiran ke yi musu. A birnin Edimbura na arewacin Birtaniya likitoci sun yi wa masu jiran aikin gaɓa tambayoyi kan tafiya, wanka, aikin yau da kullum, zafi da damuwa, bisa wani ma'auni da sifiri ke daidai da mutuwa. A binciken da aka buga a 2019, kashi 19 cikin 100 na masu jiran kwatangwalo da kashi 12 na masu jiran gwiwa sun faɗo ƙasa da sifiri, watau halin da suke ciki ma'aunin ya ɗauke shi ya fi mutuwa muni. A 2021, bayan annobar korona ta tsayar da ayyukan fiɗa, adadin ya hau zuwa kashi 35 da kashi 22. Waɗannan mutane ne masu motar asibiti, da kujerar ban ɗaki, da magani a farmasi. Mai hankali ya kwatanta da halin matar da ke ƙauyen da rijiya ke nesa da gida.

Yadda abin ke tafiya a bayyane yake. Zafi yana sa mutum ya rage tafiya. Rashin tafiya yana narkar da tsokar cinya, wadda ita ce ke riƙe gwiwa. Idan tsoka ta yi rauni, nauyi duka sai ya sauka kan gaɓar da ta riga ta lalace, zafi ya ƙaru, tafiya ta ƙara raguwa. Wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2007, ya nuna cewa tsofaffi masu ƙoshin lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafunsu. To, ina ga wanda ya yi wata 10 bisa tabarma? Bayan tsoka sai nauyin jiki ya hau, hawan jini da ciwon sukari su samu ƙofa, ɗayar ƙafar da gadon baya su gaji da ɗaukar kayan da ba nasu ba. Gaɓar kanta takan ƙage a lanƙwashe, har ta yi wa likita wuyar miƙewa ranar aiki.

Akwai kuma ɓarnar da hoto ba ya nunawa. Mai ciwon da ba ya barci yakan yi saurin fushi, iyali su ce halinsa ya sake. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, ba ya zaman majalisa, sannu a hankali abokai su daina nemansa. Manomi ya ba da gonarsa aro, ɗan kasuwa ya ci jarinsa, kuɗin da aka fara tarawa don aiki su tafi ga cefane. Sau da yawa kuma wata yarinya ce ake cirewa daga lakkol don ta zauna jinya. Ciwon mutum ɗaya ya zama asarar gida duka.

TARKON MAGANIN TEBUR

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda aka sallama ba tare da an tsara masa yadda zai yi da zafinsa ba, mai tallan magani bisa tebur ko bisa kai shi zai zama likitansa. Haɗarin da ke nan iri huɗu ne, kuma kowanne yana iya ɓata aikin da ake jira.

Na fari, magungunan kashe zafi da kumburi irin su dikulofenak da ibufurofen. Suna da amfani in likita ya rubuta su na ɗan lokaci. Amma shan su kullum wata da watanni, balle a haɗa iri biyu, yana huda tumbi, yana hawar da jini, yana kashe ƙoda, musamman ga tsoho da wanda ke aiki cikin zafin rana ba ya shan ruwa isasshe. Mai amosanin jini ya fi kowa bukatar kiyaye ƙodarsa.

Na biyu, taramol. Ƙwayar da likita ya saba rubutawa ta miligiram 50 ce, kuma ba a wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 200 ko 225 a ƙwaya guda. Tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita, tana kawo farfaɗiya. Likitocin ƙashi sun lura cewa wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan magunguna kafin aiki ya fi shan wuya bayansa, don jikinsa ya riga ya saba, maganin asibiti ba ya jin sa.

Na uku, ƙwayoyin kotizon irin su dekizametazon, waɗanda ake cusawa cikin ƙullin magani a ce na sanyi ne. Sukan kawo sauƙi nan take, shi ya sa mutane ke yabon su. In an daɗe ana sha sukan kumbura fuska, su tada sukari, su rarake ƙashi, kuma suna cikin abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya. Watau maganin da aka saya don ƙafa ɗaya yana iya cinye ɗayar. Ko allurar kotizon da likita ke yi cikin gaɓa, likitocin fiɗa da yawa ba sa yin aiki sai an yi wata 3 bayanta, don gudun ƙwayoyin cuta.

Na huɗu, tsaga, ƙaho da lalas bisa gaɓar da za a yi wa aiki. Wanzami da maɗori suna da matsayinsu cikin jama'a, amma guringuntsin da ya cinye ba mugun jini ba ne da za a zuƙe. Kowane miki kusa da wurin fiɗa ƙofa ce ta ƙwayoyin cuta. Idan suka kama ƙarfen da aka sa, allura da ƙwaya ba sa isa su kore su, sau da yawa sai an sake buɗewa an cire ƙarfen, a yi jinyar makonni, sa'an nan a sa wani. Kuɗi ninki biyu ke nan, wahala ninki uku.

ABIN DA KE HANNUN MAI CIWO DA IYALINSA

Babban magani a lokacin jira shi ne motsi bisa ƙa'ida, kuma ba ya cin ko dala. Mai ciwo ya kwanta rigingine, ya miƙe ƙafa, ya ɗaure tsokar cinya, ya ɗaga ƙafar kamar taƙi ɗaya, ya ƙirga biyar, ya sauke, sau 10 safe da maraice. Ya zauna bisa kujera mai tsawo ya miƙe, ya sake zama, gwargwadon iyawarsa. Ya yi tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a wuri mai laushi da daidaito, ya fi tafiya doguwa sau ɗaya. Wanda ke iya hawan keke ya hau, don keke yana motsa gaɓa ba tare da ɗora mata nauyi ba. Ƙaramin zafin da ya lafa kafin kashegari ba ɓarna ba ne. Wanda ya kwana ya wuni yana ƙaruwa alama ce a rage.

Sanda ba abin kunya ba ce. Amma mutane da yawa suna riƙe ta ba daidai ba. A hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta: in ƙafar dama ke ciwo, sanda a hannun hagu, su tafi tare da ƙafar mai ciwo. Tsawonta ya kai wuyan hannu idan mutum ya tsaya ya saki hannuwansa. Wajen hawan matakala lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, wajen sauka mai ciwo ke fara sauka.

Wanda ke da ƙiba ya rage. Wani bincike na Amurka na 2005 ya nuna cewa kowane kilo 1 da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Rage sukarin shayi, lemun kwalba da soye-soye ya isa a fara da shi. Amma mai amosanin jini da tsohon da ya rame, su abinci mai gina jiki suke bukata: wake, ƙwai, nono, kifi, zogale.

Iyali su gyara gida. Tsugunno a salga da tashi daga tabarma su ne suka fi azabtar da mai wannan ciwo. Kafinta na iya huda kujerar katako a ɗora bisa ramin salga, a kafa ƙarfe ko igiya mai ƙarfi a bango don dafawa, a ɗaga gado, a samu kujera don wanka, alwala da girki. Wannan shiri ba zai tafi banza ba, domin bayan aikin kwatangwalo ma likita yakan hana tsugunno da zaman ƙasa na wani lokaci. Game da salla, malamai sun yi bayani cewa wanda tsayuwa ko sujada ta gagara yana da sauƙin yin ta a zaune, saboda haka kada kunyar idon jama'a ta sa mutum ya ƙaurace wa masallaci ko ya matsa wa gaɓarsa.

Magani kuwa sai wanda likita ya rubuta. Farasetamol kada ya wuce giram 4 a yini da dare ga babba, watau ƙwaya 8 ta miligiram 500, kuma tsoho, ramamme da mai ciwon hanta ƙasa da haka za su sha. Ga gwiwa, man shafawa na dikulofenak ya fi ƙwayarsa sauƙin illa. Mai shan taba ya bari aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin aiki, don taba tana hana miki warkewa. A gyara ruɓaɓɓen haƙori, a warkar da gyambo, a daidaita sukari da hawan jini, a auna yawan jini. Mai amosanin jini ya riƙe hulɗa da masu kula da ciwonsa, kamar cibiyar ƙasa ta amosanin jini da ke Yamai, domin shirin aikinsa ya bambanta da na sauran mutane, sau da yawa har da ƙarin jini.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: zazzaɓi tare da gaɓa mai zafi da kumburi, kasa taka ƙafa farat ɗaya, baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, raguwar fitsari da kumburin ƙafafu, kumburin sha-raɓa ɗaya tare da ciwo. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, a kai shi asibiti nan da nan.

ABIN DA KE WUYAN HUKUMA

An yi ƙoƙari, kuma ya kamata a faɗa. A 2016 an buɗe babban asibitin ƙwararru na Yamai mai gado 500, wanda ƙasar Sin ta gina. Jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram suna horar da likitoci. A watan Agusta na 2024 majalisar ministoci ta rage kuɗin ayyukan lafiya da rabi a asibitocin gwamnati, daga 1 ga Satumba na shekarar, har da hoto da aikin fiɗa. Sai dai ƙarfen da ake sawa ba a ƙasar nan ake ƙera shi ba, daga waje ake sayo shi da kuɗi masu nauyi. Ƙwararrun ƙashi kuma sun fi yawa a babban birni, alhali daga Tawa zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 550 ce, daga Maraɗi kusan 660, daga Damagaram kusan 900. Wanda zaman minti 30 ke gagara, a tuna abin da wuni guda cikin mota ke yi masa, balle a ce ya je ya tarar an ɗage ranar.

Abu na fari da ake bukata shi ne rajista. Kowane asibitin da ke wannan aiki ya riƙe littafin masu jira, da ranar da aka rubuta kowa, da lambar wayarsa, da matsayin ciwonsa. A ba majinyaci takarda a hannu mai nuna lambarsa da watan da ake sa ran kiransa. A bayyana ƙa'idar da ke sa a gabatar da wani, kamar wanda ƙashinsa ke lotsewa da sauri ko wanda ya daina tafiya sam, don kada layi ya zama na wanda ya san wani. In an ɗage rana, a buga waya kafin mutum ya hau mota. Da wannan littafi ne ma'aikatar kiwon lafiya za ta san yawan ƙarfen da za a sayo da yawan likitocin da za a horar.

Na biyu, kada a sallami kowa da kalmar jira kaɗai. A haɗa shi da takarda zuwa ga asibitin gundumarsu, a riƙa ganinsa duk wata 3: a auna jini, sukari da ƙoda, a duba magungunan da yake sha, a ga ko tafiyarsa ta ragu. Wanda halinsa ya tsananta a sanar da likitan fiɗa. Ma'aikatan motsa gaɓoɓi, waɗanda ake kira kine, ba su isa kowane gari ba, amma suna iya koya wa ma'aikatan gidajen likita na karkara motsi biyar ko shida da riƙon sanda cikin ƴan kwanaki. A buga bayanin da hotuna cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, a raba a cibiyoyin yaƙi da jahilci, a karanta a gidajen rediyon karkara.

Na uku, a sayo ƙarfen a dunƙule ta hannun hukuma, kamar yadda ake sayo magunguna, maimakon kowane majinyaci ya yi ciniki shi kaɗai. Mai sayen buhu ya fi mai sayen tiya samun rahusa. Haka nan a auna kuɗin da ake kashewa wajen fitar da mutum ɗaya zuwa Tunusiya, Maroko, Turkiyya ko Indiya, da jirgi da masauki da ɗan rakiya, a ga mutum nawa za su isa a yi wa aiki a gida, a kuma tsara zuwan ƙwararru asibitocin jihohi lokaci-lokaci.

Na huɗu ya shafi shugabannin ma'aikatu, kuma sa hannu kaɗai yake bukata. Ma'aikacin da ke jiran aiki a sauko da ofishinsa ƙasa in a bene yake, a ba malamin lakkol kujera mai tsawo da aji na kusa, a ɗage masa rangadi, kada a tura shi garin da babu asibiti. Ma'aikacin da ke zuwa aiki da sanda ya fi amfani ga ƙasa da ga kansa bisa wanda aka tilasta wa kwanciya a gida. Na biyar, hukumomin da ke yaƙi da maganin tebur su sani cewa kame kaɗai ba zai isa ba muddin mai ciwo bai samu sahihin magani kusa da shi ba.

AMSA GA MASU CEWA BA YANZU BA

Wani zai ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke ɗaukar yara, mata ke rasuwa wajen haihuwa, ba ta da sararin kula da gwiwar tsofaffi. Maganar tana da nauyi, kuma babu mai cewa a ɗebe kuɗin rigakafin yara a sayi ƙarfe. Amma a duba abin da aka lissafa a sama: littafi, takarda, kiran waya, awon wata 3, horon ƴan kwanaki, kujerar katako. Mafi yawansu tsari suke bukata fiye da kuɗi. Rashin yin su kuwa yana da tsada: ƙodar da dikulofenak ya kashe injin wankin ƙoda za ta nema har ƙarshen rai, ƙarfen da ƙwayoyin cuta suka kama sai an saye shi sau biyu, yarinyar da aka cire daga aji ba ta komawa. Kuma ba tsofaffi kaɗai ake magana ba. Saurayi mai amosanin jini da aka sauya wa kwatangwalo a kan kari yana da shekaru masu yawa na aiki a gabansa. Ita ma tsohuwar da ta ƙarar da gwiwoyinta wajen ciyar da gida tana da haƙƙi bisa waɗanda ta ciyar.

Ba kowa zai samu aiki bana ba, ko da an yi duk abin da ya kamata. Amma kowane mai jira yana iya samun sunansa a littafi, da ranar da zai sa rai da ita, da ma'aikacin lafiya da ya san halinsa, da sanda a hannun da ya dace. Idan aka yi haka, ranar da aka kira shi zai zo da ƙafafunsa, da tsokarsa da ƙodarsa lafiya, likita ya samu abin da zai yi aiki a kai. Haƙurin da aka ce ya yi, sai a taya shi da itacen hura wutar.